Darasin Juma'a: Gawon da muka baro a gida

'Yan'uwa, zaman Kudu ya sa idonmu ya saba da kurmi, har mukan manta darajar itace guda a gonar Arewa. Mu tuna da gawo. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke ado, shi kaɗe ganyensa yake yi, rana ta samu gero, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore shar, awaki su ci 'ya'yansa, su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na gefe zangarniya. Wa ya tsara masa wannan? Subhanallah!

Hadisin Anas (RA) a Bukhari da Muslim ya nuna cewa Musulmin da ya yi dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, yana da ladan sadaka.

To, da yawanmu mun bar gonar gado hannun ƙanne. Kuɗin cefane na yankewa, mai sayen itace zai zo da tayi. Ba laifin yaran kaɗai ba ne, mu ma muna jinkirin aike. In mun kira gida yau bayan an sauko, mu tambaya ko gawon nan yana tsaye.