Damuwar Kuɗi Da Lafiyar Haƙoranmu

 

Abin da ya sa na zaɓi wannan darasi shi ne wata ɗalibata a ajin matan aure. Baiwar Allah ce mai ƙoƙarin hadda, sai na lura ta daina ɗaga murya wajen karatu, kullum gefen hijabi na kan bakinta. Da na ja ta gefe sai ta ce, "Wallahi Malama haƙori ne, wata huɗu ke nan. Ina ganin yadda Baban yara ke fama da cefane, da wane baki zan ce a kai ni asibiti?" Kafin a kai ta kumatunta ya kumbura, haƙorin da ciko kawai yake bukata a farko sai da aka cire shi.

Uwargida, irin wannan kawaici da yawanmu muna yin sa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma uku cikin huɗu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ne. To yaya rashin kuɗi ke kaiwa ga haƙori? Ga hanyoyi huɗu.

1. Cizon haƙora cikin barci

Mace kan kwanta da lissafin kuɗin haya da na makaranta a ranta. Ido ya rufe amma jiki bai saki ba, sai ta riƙa datse haƙora tana goga su da juna ba tare da ta sani ba. Alamarsa ita ce ki tashi da asuba muƙamuƙi ya gaji, gefen kai na sarawa, ruwan randa ma in ya taɓa haƙori ki ji tsam har ƙwaƙwalwa. A hankali farin ɓawon da ke kare haƙori yana cinyewa, shi kuwa in ya tafi ba ya sake tofowa. Ki tambayi maigida ko yana jin ƙarar haƙoranki da dare.

2. Raunin dasashi da bushewar baki

Idan damuwa ta daɗe, jiki yana yawaita fitar da wani sinadari mai suna kotisol, wanda ke raunana garkuwar jiki. Nan ƙwayoyin cutar da ke maƙale a gindin haƙori suke samun dama, dasashi ya kumbura, kina goge baki kina ganin jini. In aka ƙyale, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ne zai riƙa zaizayewa har haƙori ya fara girgiɗi. Mai juna biyu da mai ciwon suga sun fi shiga wannan haɗari, kuma ciwon dasashi kansa yana wahalar da daidaita suga. Haka nan damuwa tana busar da baki, alhali yawu shi ne ke wanke saura-sauran abinci, ya kashe kaifin tsamin da ke huda haƙori.

3. Abincin rufin asiri

In aljihu ya yi sanyi, me muke komawa? Shayi mai cokali uku na suga da burodi, garin kwaki da suga, yaro ya yi kuka a miƙa masa alawa ko biskit. Ƙwayoyin cuta suna cin wannan suga su mayar da shi tsami, tsamin ya yi kogo. Kuma yawan maimaita shan zaƙi a yini ya fi cinye shi lokaci guda ɓarna. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sugan babban mutum ya kai kimanin ƙaramin cokali 12 a rana, in ya tsaya a 6 ya fi.

4. Jinkiri da maganin kai

Wannan ita ce babbar hanyar, kuma nan ne muke gudun gara mu faɗa gidan zago. Kogo ba ya warkewa da kansa. Yana ƙarami ciko ne kawai. In ya isa jijiya, sai dai aikin wanke jijiya mai tsada, ko a cire haƙorin. Wata za ta ce ai ciwon ya daina, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙasa.

Kafin nan an sha maganin kashe zafi na kemis ba adadi, wanda kan jawo gyambon ciki ko ya taɓa ƙoda. An danna asfirin a kan dasashi ya ƙone wurin. Wasu har ruwan batir ko fetur suke ɗigawa, subhanallahi! Don Allah 'yar'uwa kada ki kusanci wannan, guba ne. Kanumfari da kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri suna rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba sa toshe kogo. In kika tara kuɗin kemis na wata huɗu, sau da yawa ya isa kuɗin cikon.

Abin yi ko babu kuɗi

Na farko, asuwaki. Sunna ce mai ƙarfi da muka sani, kuma ba ta da tsada. Ki lizimce shi wajen kowace alwala, ki bi haƙora ciki da waje a hankali.

Na biyu, makilin mai sinadarin fuloraid sau biyu a rana, musamman kafin barci. Ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ya isa, ba sai kin cika buroshi ba. Ki tofar, kada ki kurkure da ruwa nan take. A guji dirzar haƙori da gawayi ko toka.

Na uku, a rage suga a shayi, a sha ruwa bayan cin zaƙi, a sauya alawar yara da gyaɗa ko aya in sun isa tauna.

Na huɗu, ki faɗa wa maigida tun ciwo yana ƙarami, cikin ladabi da zaɓen lokaci. Ɓoye ciwo ba tausaya masa ba ne, ninka masa kuɗi ne. Ki ware ɗan wani abu daga adashi saboda lafiya, kuma ki nemi sashen haƙori na asibitin gwamnati, ya fi na kuɗi sauƙi.

Na biyar, ki sauke nauyin zuciya. Zikirin kwanciya barci, addu'a, da tattaunawa da 'yar'uwa ta gari suna sanyaya rai. Tawakkali kuma bai hana neman magani.

Amma akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: kumburin da ya nufi ido ko ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi, kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiya da numfashi. Haka ma ƙaramin yaro mai tamowa da dasashinsa ke gyambo yana wari, domin yana iya zama ciwon noma mai cin fuska cikin 'yan kwanaki. Akwai asibiti na musamman saboda shi a Sakkwato, kuma in an kama shi da wuri yana jin magani.

Ɗalibar nan tawa ta dawo aji, muryarta ta dawo, sai dai giɓin yana nan. Aikin gida na wannan wata: yau da dare ki ɗauki madubi ki duba bakinki, sannan ki duba na yaranki ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya yalwata wa mazajenmu, Ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Wassalamu alaikum.