DARASI: YADDA AKE KAFA ERIYA MAI FUSKA ƊAYA BA TARE DA HAƊARI BA

Ƴan uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, darasinmu na wannan karo a kan radiyo ne. Amma ba radiyon sauraron labarai ba. Muna nufin radiyon da ake magana da shi a kuma amsa, irin wanda ake sawa a gidan likita ko a motar ɗaukar marasa lafiya.

Yau salula ta yi yawa, amma rezo bai kai ko'ina ba. Inda ya kai ma yakan ɗauke. Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, ko maciji ya sari manomi, dole majo ya kira asibitin gunduma a aiko mota. A nan ne wannan radiyo yake ceton rai.

Radiyo ba ya aiki sai da eriya, wadda wasu ke kira antan. Ita ce bakinsa, ita ce kunnensa. Eriya tana son tsawo. Tsawon nan shi ke kai magana nesa, shi ne kuma ke jawo haɗari. Ma'aikaci masani ne zai haɗa kayan, amma mutanen gari ne za su taya shi ɗagawa, su ne kuma za su zauna da ita shekara da shekaru. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da ke ciki.

1. MENE NE ERIYA MAI FUSKA ƊAYA?

Ku dubi fitilar ƙwai da tocila. Fitilar ƙwai tana haska ɗaki ta kowane gefe, amma haskenta ba ya zuwa nesa. Tocila tana tara haskenta wuri ɗaya, sai ya kai har bakin garka.

Haka eriya take. Akwai wadda ke watsa magana gabas da yamma, kudu da arewa. Akwai wadda ke tara maganar ta tura ta gefe guda. Ita ce mai fuska ɗaya. Ba ta ƙara wa radiyo wuta. Abin da zai tafi baya da gefe ne take tattarawa ta tura gaba.

Wadda aka fi sani sunanta Yagi. Malamai biyu na ƙasar Japan, Yagi da Uda, su ne suka ƙago ta a shekarar 1926. Ta yi kama da ƙayar kifi: ƙarfe ɗaya a tsakiya, da haƙora a gicciye.

Haƙori mafi tsawo yana baya. Shi ke mayar da magana gaba.
Haƙori na biyu shi ne wanda wayar radiyo take shiga.
Gajerun haƙora suna gaba. Su ke nuna hanya.

Ku riƙe wannan: gajeren haƙori shi ne goshin eriya. Shi ake juyawa wajen wanda ake son magana da shi. Eriya mai haƙora 3 tana ninka ƙarfin magana kimanin sau 3 ta wajen goshinta.

Gidan likitan ƙauye wuri ɗaya yake kira, wato asibitin gunduma. Mai fuska ɗaya ta dace da shi. Shi kuwa asibitin gunduma yana jin garuruwa da yawa, da motar da ke yawo. Mai watsawa ko'ina ta fi dacewa da shi.

2. ME YA SA AKE ƊAGA TA SAMA?

Radiyon da muke magana a kai shi ne wanda ma'aikata ke kira VHF. Maganarsa tana tafiya miƙe kamar haske. Dutse yana tare ta. Tudu yana tare ta. Dogon gini da manyan itatuwa suna rage ta.

A fili shimfiɗaɗɗe, eriya mai tsawon metir 9 tana hango kimanin kilometir 12. Idan wuri biyu kowanne yana da metir 9, za su iya jin juna a kimanin kilometir 25. Tsakanin Damagaram da Mirya kimanin kilometir 18 ne, wato bai fi ƙarfin wannan tsawo ba, sai fa in dutse ya tsaya a tsakani. A ƙasar Adar kuwa, wajen Keita da Buza, garin da ke cikin kwari yana iya kasa jin maƙwabcinsa na bayan dutse. A irin wannan wuri zaɓen tudu ya fi ƙara ƙarfe.

Ku lura: in ana son nisa ya ninka sau 2, sai tsawo ya ninka sau 4. Don haka kada a yi ta ƙara tiyo a kan tiyo. Sanda mai tsawon da ya wuce kima ita iska ke fara kayarwa.

3. KAFIN A FARA

Ba kowa ke kafa radiyon magana yadda ya ga dama ba. A Nijar hukumar ARCEP ce ke raba layukan magana. Sai an samu izni. Wanda ya shiga layin da ba nasa ba yana iya toshe kiran wani mai neman taimako.

Kowace eriya da layin da aka yanka ta dominsa. Tsawon haƙoranta ba ado ba ne, awo ne. Kada a yanke su, kada a lanƙwasa su. Eriyar talabijin ba ta yin wannan aiki, wayar talabijin ma haka.

4. HAƊARI NA FARI: WAYAR WUTA

Wannan shi ne haɗarin da ke kashewa nan take. Sandar eriya ƙarfe ce. In ta taɓa wayar wutar lantarki, duk wanda ke riƙe da ita wutar za ta bi ta jikinsa. Manyan wayoyi ma ba sai an taɓa su ba, wutarsu tana tsallakowa in an matso kusa.

Ga doka: a auna tsawon sanda tare da eriyar, a ninka sau 2. Nisan da za a bari ke nan tsakaninta da wayar wuta. Sanda mai metir 9 tana son metir 18. Ta haka ko ta faɗi ba za ta kai ga waya ba.

Kafin a ɗauki sanda, a ɗaga kai a dubi sama. Kada a ɗaure eriya a jikin ginshiƙin wayar wuta.

Idan sanda ta kuɓuce ta nufi waya, a sake ta, kowa ya ja da baya. Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu, kada a taɓa sandar. A kori jama'a nesa, a gaggauta sanar da ma'aikatan NIGELEC su yanke wutar.

5. HAƊARI NA BIYU: ISKA

Mun san hadarin damina. Daga gabas yake tasowa, da iska da ƙura a gabansa. Iskar da ke yaye rufin kwano ba za ta bar sandar da ba a ɗaure ba.

A haƙa rami, a dasa gindin sanda da siminti, a bar shi ya bushe sosai. Tiyon ƙarfe ya fi itace, domin gara tana cin gindin itace ba a sani ba.

A ɗaure sanda da wayoyin ƙarfe 3, kowace ta nufi nata gefe, tazararsu daidai kamar duwatsun murhu. Ga sanda mai metir 9, a kafa turakun wajen metir 5 ko 6 daga gindi. A ɗaura tsumma mai launi a jikin wayoyin don kada mai wucewa ya yi tuntuɓe. A kewaye wurin da shinge, saboda shanu suna soshe-soshe a jikin waya, awaki kuma suna tauna ta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A haɗa eriya da wayarta tun sanda tana kwance a ƙasa. A samu mutum 4 ko 5: ɗaya ya danne gindi, saura su ɗaga su kuma riƙe wayoyin ɗauri. Mutum ɗaya tak ke ba da umurni. A yi aikin da safe, ranar da babu iska, babu hadari. Yara su tsaya nesa.

6. HAƊARI NA UKU: ARADU

Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo. Sau da yawa sandar eriya ce ta fi komi tsawo a unguwa. Saboda haka sai a yi wa wutar aradu hanya ta shige ƙasa, kada ta shigo ɗaki.

A kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, mai tsawon metir 2 ko fiye, cikin ƙasa kusa da gindin eriya. A haɗa su da waya mai kauri ta jan ƙarfe, gajera, miƙaƙƙiya. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta da kyau. Inda ƙasa take rairayi, a nemi wuri mai laima, a kafa sanda 2 ko 3 a haɗa su. Ma'aikaci zai kuma sa ƙarfen kariya a inda wayar eriya take shiga ɗaki.

Wannan duka yana rage ɓarna ne, bai hana aradu faɗuwa ba. Don haka da an ga hadari ya haɗu, tun bai iso ba, a kashe radiyo, a cire wayar eriya, a nisanta bakinta da mutane. In an riga an fara tsawa a kan gari, kada a taɓa wayar.

Ga yadda ake sanin nisan tsawa. Da ka ga walƙiya, ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilometir 1 ce. In ba ka kai 30 ba, haɗari yana kusa. Bayan tsawar ƙarshe, a jira minti 30 kafin a mayar da waya.

Wasu suna tsoron taɓa wanda aradu ta faɗa wa. Babu wutar da ke saura a jikinsa. A taimake shi nan da nan, a kira majo.

7. JUYA GOSHIN ERIYA

A tambayi direbobi da dattawa, ko a duba taswira, a san gefen da asibitin yake. Hanyar mota tana kewaye, maganar radiyo ba ta kewaye. Saitin garin ake nema, ba saitin hanya ba.

Haƙoran eriya su tsaya a tsaye, sama da ƙasa, kamar yadda eriyar mota take. In ɗaya tana tsaye ɗaya tana kwance, magana za ta raunana ƙwarai.

Mutum ɗaya ya zauna gun radiyo yana saurare. Wancan gefe su yi ta ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wani ya riƙa juya eriya kaɗan kaɗan. Inda murya ta fi fita tas, a tsaya, a ɗaure, a shafa fenti a yi alama.

Lokacin da hannun mutum ke kan eriya, kada a danna maɓallin magana. Wutar radiyo tana ƙona fata. Kada kuma a tsaya dab da goshinta ana magana.

8. KULA DA KAYA

Ruwa shi ne abokin gaban waya. A naɗe mahaɗin eriya da roba mai liƙewa. Kafin waya ta shiga ɗaki, a bar ta ta sauko ta yi ɗan lanƙwasa, ruwan sama ya ɗige waje.

Kada a danna maɓallin magana in wayar eriya ba ta haɗe. Radiyon yana iya ƙonewa.

Batir ya zauna inda iska ke shiga, nesa da wuta da taba. Jar waya ta tafi ga alamar +, baƙa ga alamar -. A riƙa share ƙura daga allon hasken rana, balle lokacin hunturu.

Kafin damina da bayan kowace babbar iska, a duba wayoyin ɗauri, da turaku, da alamar fenti.

Wajen magana kuwa, a saurara tukuna. A danna, a faɗi sunan gari, a faɗi buƙata a taƙaice, a saki. Duk mai radiyo a kan layin yana ji, don haka ba a tona asirin marar lafiya. Ba a hira, domin wani yana jiran layi.

LISSAFI

1. Sanda da eriya sun kai metir 12. Metir nawa za a bari tsakaninsu da wayar wuta?
2. Ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa 15, sannan ka ji tsawa. Kilometir nawa ne nisanta?

TAMBAYOYI

1. Wane haƙori ne goshin eriya?
2. Me za ka yi idan sanda ta faɗa kan wayar wuta?
3. Yaushe ake cire wayar eriya, yaushe ake mayar da ita?
4. A garinku, ina ne wurin da ya fi dacewa a kafa eriya? Ku fita tare da malaminku, ku auna da taki, ku dubi sama.

Ku karanta wa waɗanda ba su zo aji ba wannan darasi, musamman matasan da za a kira ranar ɗaga sanda. Rigakafi ya fi magani.