Lalurar Otizim: Ina Yaron Zai Zauna Idan Ya Girma?

Gabatarwa

A Dirin Daji ta ƙasar Zuru, kamar sauran garuruwanmu, akan sami yaron da ba ya amsa kira alhali kunnensa lafiya lau, ba ya son haɗa ido da mutane, kuma yana yawan maimaita motsi ɗaya ko magana ɗaya. Jama'a kan ce aljanu ne ko sammu. Sau da yawa kuwa waɗannan alamu ne na lalurar da masana ke kira otizim, wadda wasu kafofin labarai ke ce wa galahanga.

Asalin Lalurar

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki, alamunsa kuma sukan bayyana kafin shekara 3. Dokta Leo Kanner na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya bayyana shi a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Binciken da aka yi a kan tagwaye a Ingila a 1977 ya nuna cewa gado yana da hannu sosai a cikinsa. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma rigakafi ba ya jawo shi. Rahoton 1998 da ya zargi rigakafi, an janye shi a 2010.

Muhimmancin Muhalli

Babu maganin da ke warkar da lalurar, don haka yaron zai girma da ita. Mai otizim yakan dogara ga tsarin da ya saba da shi: ɗakinsa, lokacin cin abincinsa, da fuskokin da ya sani. Hayaniya ko sauyin wuri ba zato suna iya rikita shi ƙwarai. Saboda haka idan iyaye suka rasu, aka riƙa yawo da shi daga gidan kawu zuwa gidan gwaggo, yakan rasa natsuwarsa, wani lokaci har ya ƙare a titi.

Yaro na farko a rahoton Kanner, wato Donald Triplett, abin lura ne. Ya yi rayuwarsa a gidan iyayensa a garin Forest na jihar Misisifi, mutanen gari suna kula da shi. Ya yi aikin banki, ya tuƙa mota, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Me Za Mu Yi?

A ƙasashen Turai da Amurka akan shirya daren rawa, inda maza da mata ke takawa bibbiyu, a tara kuɗin gina wa masu otizim gidaje. Mu ma muna da ajo, inda makaɗa ke wasa don tara wa mutum gudunmawa, muna kuma da gayya. Ajo ɗaya zai iya sayen kwanon rufi, gayya ɗaya kuma ta ɗaga bango. Sai dai a gina ɗakin cikin dangi, nesa da injin niƙa da kasuwa, kada a ware shi bayan gari.

Malamin da ya ga alamun nan ga ɗalibinsa, ya shawarci iyaye su kai shi ga likita, domin shi ne zai tantance. Horon da aka fara da wuri yana taimaka wa yaro wajen magana da kula da kansa.

Tambayoyi

1. Kawo alamu 3 na otizim.
2. Don me sauyin muhalli ke wahalar da mai wannan lalura?