Wasiƙa Ga Ɗaliban Injiniyan Lantarki: Fensir Kafin Kwamfuta

Ƙannena,

Ina da magana kan darasin konbolushan da ke sa ku zufa a kwas ɗin sigina. Na san da yawanku kun samo mafita: a buɗe MATLAB, a rubuta conv, amsa ta fito. Ban hana ku ba. Amma ku fara ɗauko fensir da takardar giraf tukuna.

Ku shiga babban zaure da babu kowa, ku tafa sau ɗaya. Amon da zai biyo baya yana dusashewa, shi ne amsar zauren ga bugu guda, wadda littattafanku ke kira h. Idan mutum ya yi magana a ciki, kowane guntun sautinsa sai ya haifar da nasa amon, su yi ta hawa kan juna, kunne ya ji jimlarsu. Konbolushan ke nan. Sautin da ya fito yanzu yana gamuwa da farkon amon, wanda ya fito tun ɗazu kuwa ya riga ya kai wutsiyarsa. Dalilin da ya sa ake juya h, bayanta ya koma gaba, ke nan. Wanda ya haddace "a juya" bai san wannan ba, tambaya ɗaya za a sauya masa ya rikice.

Ga yadda nake so ku yi. Ku zana x, wato siginar da ke shiga, a takarda, ku zana h a wata siririyar takarda da ake hango ƙasanta, ku kife ta, ku riƙa jan ta daga hagu zuwa dama. Duk inda kuka tsaya, ku ninka inda suka haɗu, ku auna faɗin filin da ke ƙarƙashi. Ku sa ido sosai kan lokacin da ba su taɓa juna ba, da shigowa, da cika, da fita, domin a waɗannan iyakoki ne maki ke zubewa a jarrabawa. Sigina biyu masu siffar akwati, kowanne faɗin daƙiƙa 1, alwatika suke bayarwa mai gindin daƙiƙa 2. In ɗaya 1 ne ɗaya 3, sai tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, gindinsa 4.

Da lambobi ma haka ne. Ku haɗa 1, 2, 3 da 1, 1, za ku samu 1, 3, 5, 3. Tsawon amsa shi ne tsawon biyun a haɗe a cire ɗaya, kuma jimlarta 12, wato jimlar na farko, 6, sau jimlar na biyu, 2. Wannan ɗan bincike ba ya cin minti guda.

Tun da Cooley da Tukey suka fitar da hanyarsu ta FFT a 1965, dogayen sigina da ita aka fi haɗa su, don ta fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai tana da tarko: in ba ku ƙara sifirori sun cika wancan tsawo ba, wutsiyar amsa za ta zagayo ta hau kanta, kwamfuta kuma ba za ta ce muku uffan ba. Wanda ya saba da zane ne kaɗai zai kalli allo ya ce a'a, wannan siffa ba daidai ba ce.

Don Allah, kafin lacca ta gaba kowa ya zana misalan nan da hannunsa, sannan ya gwada su da abin da kwamfuta ta ba shi. Allah Ya ba da sa'a.

Wassalam,
Yayanku a wannan fanni.