Jaririn da ke da suga ba zaƙin uwarsa ba ne

Akwai irin jaririn da ake kaiwa asibiti a makare, daga Badarawa da sauran unguwannin Kaduna. Wata huɗu da haihuwa, yana shan nono kamar bai taɓa ƙoshi ba, amma yana ramewa, zanin goyo kullum a jiƙe da fitsari. Kaka ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce uwar ta sha zaƙi da ciki, mai kemis ya ba da maganin zazzaɓi, aka ɗora jiƙo a kai. Sai da numfashinsa ya fara fizga sannan aka ɗiga jini a na'ura, suga ya yi sama. Gwajin da ba ya cin minti ɗaya!

Sugan da ya bayyana kafin wata shida kusan kullum daga ƙwayar gado yake. Insulin furotin ne, jiki ke ƙera shi, kuma dole a naɗe shi daidai kafin ya yi aiki. A 2007 masu bincike a Chicago suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar INS na sa a ƙera shi a karkace, ya taru ya kashe ƙwayoyin da ke samar da shi. Akwai kuma cutar Wolcott-Rallison, inda ƙwayar EIF2AK3, mai daidaita ƙerar furotin, ke lalacewa. Ta fi yawa inda ake auren zumunci, tana taɓa hanta da ƙashi.

Wani zai ce ana sukar auren zumunci. A'a. Sikila ma gado ce, kuma mun koyi yin gwaji kafin a ɗaura aure. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da tangarɗar EIF2AK3, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Wani kuma zai ce, in gado ne, sanin ya amfana da me? A 2006 ƙungiyar Exeter ta Ingila ta nuna cewa yawancin masu tangarɗar ƙwayar KCNJ11 sun bar allurar insulin sun koma shan ƙwayar magani. Masu INS kuwa allura ce har abada. Gwajin gado ne ke raba su, ba hasashen mai kemis ba.

Jariri na ramewa yana yawan fitsari, a auna suga yau. A nemi turawa asibitin Barau Dikko ko na Shika. Kada a tsayar da insulin don wani ya ce yana da maganin gargajiya. Kada a tsayar, ko na kwana ɗaya. Kuma a daina zargin uwar.