Filin Shawara: Kada Jarumarki Ta Bar Masa Wasan

Ni ɗaliba ce, shekarata 19. Ina rubuta littafin soyayya, ina tura wa ƙawayena kashi-kashi ta WhatsApp. Jarumar tana buga darar Turawa, wato ces, kuma a wajen gasa ta haɗu da saurayin. Yanzu na kai su wasan ƙarshe, su biyu, sai na maƙale. Ƙawayena sun ce in sa ta bar masa ya ci, don ya gane tana sonsa. Ni kuma ban taɓa buga wasan ba, a waya kawai nake kallo. Yaya zan yi?
'Yarki daga Yolde Kohi, Yola

Ƙawayenki sun ba ki gurguwar shawara. Yarinyar da kika sa ta kwana tana nazarin wasa tun babin farko, in ta zo ranar ƙarshe ta zubar da shi da gangan, kin rushe duk abin da kika gina. A dokar gasa ma, sayar da wasa laifi ne. Saurayin kuwa, in gwani ne da gaske, nan take zai gane an yi masa sadaka, kuma ba ɗan wasan da ke yafe wannan raini. Ki bar su su fafata tsakani da Allah. Ko ita ta ci ko shi, abin da mai karatu ke jira shi ne fuskar wanda aka doke. A nan za a san ko son na gaskiya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin iya wasan. Ki koya kafin ki ƙara rubuta layi ɗaya. Gida 64 ne, kowane ɓangare da 'ya'ya 16, kuma akwai manhajar Lichess kyauta. Ba gwana za ki zama ba, so nake a doke ki ki ji zafin. Sai kin buga za ki ga abin da gasa ta tanadar wa marubuci. Ba a hira lokacin wasa. Agogo na tafiya, kowa na rubuta tafiyarsa a takarda, wanda ya taɓa ɗa kuma dole shi zai tura. Mutum biyu na fuskantar juna sa'o'i, ba mai cewa uffan. Ke da kika tashi a garin Lamiɗo, inda kunya ta hana budurwa kama sunan wanda take so, wa zai fi ki sanin yadda ake magana ba baki?

Ga kuma musafaha. Al'adar gasa ce a gaisa da hannu kafin a fara. A Janairun 2025, a gasar Tata Steel ta ƙasar Holan, Nodirbek Yakubboev na Uzbekistan bai karɓi hannun Vaishali 'yar Indiya ba saboda addini. Aka yi ta cece-kuce, daga baya ya kai mata furanni ya ba ta haƙuri. To jarumarki, da hijabinta, me za ta yi in ya miƙo hannu? Wannan kaɗai babi ne guda.

Kada kuma ki kwashe su ki kai Amurka. Ali Hazelwood ta riga ta yi nata a can da littafinta Check & Mate a 2023. Abin da ya sa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga gidaje shi ne masu karatu sun ga kansu a ciki. Ki sa ta hau Keke Napep daga Yola zuwa Jimeta cikin zafin Afrilu, allon a jaka, yayanta na tambayar ina za ta. In mahaifinta ya ce wasan caca ne, ki ba shi bakin magana mai ƙarfi, domin malamai sun daɗe da saɓani a kan ces, ko da yake ba su saɓa ba kan haramcinsa in an sa kuɗi. Ta kuma iya tuna masa da Tunde Onakoya, wanda ya yi sa'o'i 60 yana bugawa a New York a Afrilun 2024 don tara kuɗin karatun yara.

Ki buga na wata guda, ki rubuta wasan ƙarshen, sannan ki aiko mini in gani.