SUNAN TSAKIYA: MABUƊI A NAZARIN SALSALA

Nazarin salsala fanni ne na ilmi da ke bin diddigin kaka da kakannin mutum ta hanyar rubutattun shaidu. A ƙasashen Ingila da Amurka, babbar matsalar da manazarta ke fuskanta ita ce gano dangin uwa. Dalili kuwa shi ne, bisa al'adarsu kowane gida yana da sunan zuriya da ake gado daga uba, kuma da zarar mace ta yi aure sai ta ajiye na gidansu ta ɗauki na mijinta. Ta haka asalinta yake ɓacewa daga takardu.

Tsofaffin kundaye ba su cika taimakawa ba. A Amurka, ƙidayar jama'a daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kaɗai take rubutawa. A Ingila kuwa, sai a 1837 hukuma ta fara rajistar haihuwa mai nuna sunan gidan su uwa. Kafin wannan lokaci, littattafan coci galibi sunanta na fari kawai suke kawowa.

A nan ne sunan tsakiya yake da amfani, wato sunan da ake sakawa tsakanin na yanka da na zuriya. Iyalai da yawa sukan ba ɗa sunan zuriyar mahaifiyarsa a wannan gurbi don kada ya salwanta. Alal misali, injiniyan nan na Ingila, Isambard Kingdom Brunel, wanda aka haifa a 1806, ɗa ne ga Sophia Kingdom. Haka kuma shugaban Amurka Franklin Delano Roosevelt ya sami Delano daga mahaifiyarsa Sara Delano, shi kuwa John Fitzgerald Kennedy daga Rose Fitzgerald.

Sai dai wajibi ne ɗalibi ya yi hattara, domin sunan tsakiya alama ce kawai, ba hujja ba. Mahaifiyar shugaba William Howard Taft 'yar gidan Torrey ce; Howard sunan gidan kakarsa ta wajen uba ne. Shi kuwa Janar William Tecumseh Sherman an sa masa sunan wani jagoran ƙabilar Shawnee ne da mahaifinsa ke girmamawa, ba tare da wata dangantaka ta jini ba. Wanda ya yi gaggawa zai jingina mutum ga zuriyar da ba tasa ba, kuma duk abin da ya gina a kan wannan kuskure rushewa zai yi.

Saboda haka, manazarci yakan ɗauki sunan a matsayin hasashe, sannan ya gwada shi kamar yadda ake yi a kowace kimiyya. Zai duba ko akwai iyali mai wannan suna a gundumar a wancan zamani, ya nemi rajistar auren iyayen, ya kuma karanta wasiyyoyi, inda tsoho kan ambaci 'yarsa da sunan mijinta. Sai shaidu biyu ko fiye masu zaman kansu sun dace zai yanke hukunci.

Ya kamata malamai su tunatar da ɗalibai cewa wannan ƙa'ida ba ta kowace al'umma ba ce. A ƙasar Hausa suna na biyu galibi na uba ne, na uku kuma na kaka ko na gari, kamar Shagari a sunan Shehu Usman Aliyu Shagari. Kafin a ɗora hukunci a kan suna, dole a fara sanin al'adar da ta raɗa shi.